Gyara Kayanka: Idan Fitilar Mota Ta Yi Yana

Hunturu ya kawo kai, hazo ya fara sauka a kan duwatsun Dutse, tafiye-tafiyen ƙarshen shekara kuma suna matsowa. Waɗansunmu za su nufi Kano, waɗansu Jos ko Kafanchan ko Biu, domin yin Kirsimeti tare da dangi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka a wannan wata za mu duba wani abu da masu mota da yawa ba su kula da shi ba, wato fitilun gaba da suka dushe.

In kun ratsa ta tashar mota, ko ta gaban sakatariya da rana, ku ɗan dubi fuskokin motocin da ke fake. Za ku ga Corolla da Camry da Honda da yawa, jikinsu yana ƙyalli, amma fitilunsu sun yi fari-fari ko rawaya-rawaya, sai ka ce idon tsoho da yana ta rufe. Mai motar yakan wanke ta kullum, ya canja mata baƙin mai a kan kari, amma in dare ya yi yana tuƙi yana lalube. Wannan yana tana fita. Ruwa da samfefa da haƙuri sun isa a cire ta a gida cikin yini guda. Sai dai akwai wani mataki na ƙarshe wanda in aka tsallake shi, duk wahalar ta tashi a banza. Za mu zo kansa.

Me ke kawo yanar?

Manya a cikinmu za su tuna da Peugeot 404 da 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Fitilunsu na gilashi ne. Dutse yana iya fasa su, amma rana ba ta iya canja musu launi ko sun shekara 30. Motocin da suka cika hanyoyinmu yanzu kuwa, yawancinsu murfin fitilarsu na wata irin roba ne mai tauri da ake kira folikabonet, wadda aka gano a kamfanin Bayer na ƙasar Jamus a 1953. A 1983 hukumomin Amurka suka yarda a riƙa yin fitilar da ake canja mata ƙwai kaɗai a bar gidanta, daga nan fa masu ƙera motoci suka yi ta komawa ga roba. Dalilinsu mai kyau ne, gama robar ba ta da nauyi, ba ta saurin fashewa, ana kuma iya lanƙwasa ta yadda ake so.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Wannan roba ba ta jure rana. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda ake rubuta sunansa da haruffa biyu, UV. Shi ne yake koɗar da atamfa in an bar ta a kan igiya, shi ne kuma yake sa bokitin roba ya bushe ya tsage a tsakar gida. Masu ƙera fitila sun san haka, shi ya sa suke shafa mata wata siririyar riga garau a waje, domin ta tare wannan haske. Bayan waɗansu shekaru rigar takan gaji, ta tsattsage, ta yi rawaya, sa'an nan rana ta fara cin robar da ke ƙarƙashinta. Abin da muke gani kamar yana ke nan: matacciyar riga da ƙonanniyar fatar roba.

Mu a nan Jigawa abin ya fi yi mana sauri. Rana takan tsaya a tsakar kanmu sosai sau biyu a shekara, wajen watan Afrilu da wajen Agusta, zafin bazara kuma yakan kai digiri 40. Motoci kaɗan ne suke kwana ko yini a inuwa. Ga iskar hunturu tana watsa musu ƙura da yashi. Ga kuma yawancin motocinmu na hannu ne, sun riga sun sha shekarunsu a Turai ko Amurka kafin su iso mana. Tun da aka mai da Dutse babban birnin jiha a 1991 motoci suke ta ƙaruwa a garin, amma rumfunan ajiye su ba su ƙaru haka ba.

Wace hasara take jawowa?

Wani zai ce ai wannan zancen ado ne kawai. To, ga lissafi. A watan Disamba na 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wato AAA, ta ba da sakamakon gwajin da ta yi a kan fitilun da suka dushe. Ta tarar hasken da suke bayarwa kashi 22 ne kacal cikin 100 na hasken sabuwar fitila. Da aka goge su aka gyara, hasken ya komo wajen kashi 70.

'Yan makaranta sun san cewa haske yana raguwa da nisa, yana kuwa raguwa da sauri. In an ninka nisa sau 2, ƙarfin hasken yakan koma kashi 1 cikin 4. In muka juya lissafin, fitilar da haskenta ya ragu zuwa kashi 1 cikin 4, nisan da take haskawa ya ragu zuwa rabi. Wato abin da dā za ka hango daga mita 60, yanzu sai ka zo mita 30 kafin ka gan shi.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, zuciya ta gane, ƙafa ta kai kan birki, daƙiƙa guda ko fi ta wuce. Kafin motar ta tsaya cik a kan busasshiyar kwalta, ta ci fiye da mita 50. Mai gani daga mita 30 kaɗai, ina zai sami sauran 20?

Mun kuwa san abin da ke kan hanyoyinmu bayan faɗuwar rana. Daga Dutse zuwa Kiyawa da Jahun, ko daga Kwanar Huguma zuwa cikin gari, ko hanyar Gaya zuwa Wudil, akwai amalanken shanu masu komowa daga gona ba fitila ko ɗaya a jikinsu. Akwai garken shanu masu ƙetare hanya. Akwai mai keke da buhu a baya, da mata masu dawowa daga kasuwar Shuwarin da kaya a ka, da yaran da aka aika sayen kalanzir. Ba ɗayansu da ya san fitilarka ta dushe. Suna ganin wuta tana zuwa, sun ɗauka ka gan su. Har wa yau, fitila mai yana tana watsa haske ko'ina maimakon ta kai shi kan hanya, sai ta kashe idon direban da ke tahowa, a cikin hazo kuma ta gina maka farin bango a gabanka. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsai da mota su ci ta tara saboda fitila marar kyau. Amma tara ita ce ƙaramar hasara a wannan magana.

A fara da bincike

Kafin ku sayi kome, ku yi gwaji uku. Na fari, ku ɗan ƙwanƙwasa murfin fitilar da makulli. Gilashi yana da ƙara mai zaƙi, roba kuwa ƙararta a dushe take. In gilashi ne, kada a sa masa samfefa ko kaɗan, wanki da sabulu ya ishe shi.

Na biyu, ku shafa da yatsa. In kun ji kaushi, yanar a waje take.

Na uku, ku zuba mata ruwa. In ta washe garau sa'ad da take jiƙe, ta kuma koma dushewa da ta bushe, to gyaran gida zai yi mata. In kuwa ba ta canja ba, ciwon yana ciki. Watakila ruwa yana shiga yana yin gumi, ko kwanon nan na ciki mai ƙyalli kamar madubi ya ƙone ya ɓare, ko robar ta tsattsage har cikin jikinta. Irin wannan sai mai gyaran wutar mota, ko kuma a nemo wata fitilar a wurin masu sayar da kayan mota, a nan gari ko a Ƙofar Ruwa a Kano.

Kayan aiki

Ga abin da za ku tanada. Samfefa ta ruwa, irin baƙar nan da masu fentin mota suke aiki da ita. A bayanta akwai lamba, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. Ku nemi 800, da 1000, da 1500, da 2000, in an sami 3000 ma ya yi kyau. In yanar ta yi kauri ƙwarai ku ƙara da 600. Kada ku ɗauki jar samfefa ta kafinta, za ta yi wa fitilar rauni mai wuyar warkewa.

Sai tef na takarda da tsohuwar jarida, da bokitin ruwa mai tsabta, da ɗan sabulu, da ƙaramin soso. Sai gorar ruwa da aka huda murfinta da ƙusa, domin yayyafi. Sai tsummoki masu laushi guda 3 ko 4, tsohuwar singileti ta auduga da aka wanke ta isa. Sai man goge fentin mota, da ɗan sifirit daga kemis. Na ƙarshe, wanda ya fi duka muhimmanci, maganin shafawa ko fesawa na kare fitila daga rana. Ku duba jikin kwalbar ko gwangwanin ku ga an rubuta UV, an kuma ce ya dace da fitilar mota. In ba ku sami wannan ba tukuna, ku dakata da aikin har ku samu, ko ku shirya da mai fenti.

Ku zaɓi safiya, a inuwa, ranar da iska ba ta kaɗawa. Kada a yi aikin a kan fitila mai zafi.

Yadda ake yi

Da fari ku wanke fitilar da ruwa da sabulu, ku ɗauraye sarai, kada a bar ƙwayar yashi ko ɗaya. Ku jiƙa samfefar a bokiti kamar minti 10. Kafin ta jiƙu, ku buɗe bonet, ku liƙe gefen fitilar duka da tef ninki biyu, ku rufe bamba da jarida. Samfefa ba ta san fenti ba, in ta taɓa shi sai ta ci.

Ku naɗe samfefa 800 a jikin soso, domin ƙarfin hannu ya bazu daidai. Ku goga a miƙe, daga hagu zuwa dama, ba a kewaye ba. Kada ku danna da ƙarfi. A nan ne yaro zai yi amfani: ku ba shi gorar ruwa ya riƙa yayyafawa ba fasawa, gama busasshiyar samfefa tana ƙona roba. Za ku ga ruwan da ke gangarowa ya yi launin ɗorawa. Matacciyar rigar ke nan take fita. Ku ci gaba har ruwan ya koma fari kamar tsala. Sa'an nan ku share ku duba. Ya kamata fuskar fitilar duka ta yi fari bai ɗaya, ba tsibiri-tsibiri na rawaya ko na ƙyalli, musamman a kusurwoyi da gefen sama inda rana ta fi bugu.

A wannan mataki fitilar za ta fi dā muni, har uwargida ta fito ta ce an ɓata mota. Kada gabanku ya faɗi, haka aikin yake.

Sai ku koma 1000, amma yanzu daga sama zuwa ƙasa. Hikimar canja hanya ita ce, kowace samfefa aikinta ta share zanen wadda ta gabace ta. In zanen kwance ya ɓace duka, sai na tsaye ya rage, kun san lokaci ya yi da za ku wuce gaba. Haka za ku yi da 1500 a kwance, 2000 a tsaye, 3000 a kwance, kuna ɗauraye fitilar da soson tsakanin kowace lamba. Kowace lamba ta sami kamar minti 5 ko fi. Kada ku tsallake daga 800 zuwa 2000 don sauri, zanen zai fito da dare in an kunna wuta. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, mu kuwa mutanen Dutse bai kamata a koya mana wannan ba.

Bayan samfefa ta ƙarshe ku bushe fitilar. Ku ɗiga man goge fenti kamar girman ƙwayar gyaɗa a kan tsumma, ku murza, yanzu kam a kewaye, da ɗan ƙarfi, har man ya ɓace. Ku maimaita sau 3 ko 4. A nan ne za ku ga ƙwan fitila ya fara leƙowa garau, yara su yi ta murna. Sai ku share da sifirit kaɗan a tsumma mai tsabta, domin a kawar da sauran maiƙo.

Sabuwar riga

Ga matakin da muka yi alkawarin komowa kansa. Fitilar tana ƙyalli, amma tsirara take. Samfefa ta cire tsohuwar rigar duka, ba sauran abin da ke tsakanin robar da ranar Jigawa. In aka bar ta haka, cikin 'yan watanni za ta sake yin rawaya, sau da yawa ma fiye da dā. Wannan ne ya sa mutane sukan ce gyaran fitila yaudara ne. Rabin aiki aka yi musu.

Saboda haka ku shafa maganin nan na kare rana bisa ga yadda aka rubuta a jikinsa. Yawanci ana shafa shi siriri, a bi hanya guda daga sama zuwa ƙasa, ba a komawa kan inda aka wuce yana ɗanye. Ku bar motar a inda ƙura ba za ta sauka a kai ba har ya bushe, kada kuma ruwa ya taɓa ta sai bayan kwana guda.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi daɗewa, wato a fesa fentin nan garau marar launi wanda masu fenti suke rufe fentin mota da shi daga ƙarshe, irin wanda ake haɗawa da maganin sa tauri. In wannan kuka zaɓa, ku tsaya a samfefa 800 ko 1000, kada ku sa man gogewa, gama fentin yana bukatar ɗan kaushi da zai kama, shi ne kuma zai cike zanen ya washe fitilar. Amma wannan fenti dafi ne ga huhu. Ku yi gugar a gida, ku kai wa mai fenti wanda yake da abin rufe hanci na sosai ya fesa. Kada a fesa shi a tsakar gida inda yara da kaji suke.

Wanda bai sami ko ɗaya ba, ya riƙa shafa kakin goge mota sau ɗaya kowane wata. Ba ya kai waɗancan ƙarfi, amma da hanau gara mannau.

Dabarun da za a guje musu

A tasha da bakin hanya za ku ji shawarwari iri-iri. Makilin yana ɗan taimako in yanar ba ta yi nisa ba, domin akwai ɗan gari mai kaushi a cikinsa, amma ba ya cire mai kauri, ba ya kuma kare rana. Man gyaɗa da baƙin mai da basilin suna sa ƙyalli na yini ɗaya ko biyu, sa'an nan su tara ƙura. Man birki yana cin fenti. Fetur da tina da maganin goge jan farce da maganin sauro na shafawa kuwa suna narkar da fatar robar, har ta tsattsage yadda ba mai iya gyara ta. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Waɗansu kuma in sun ga haske ya ragu sai su sayo ƙwai mai ƙarfi. Ƙwan fitila na ainihi a yawancin motoci wat 55 ne ko 60. In aka sa mai wat 100, zafinsa yana iya ƙona kwanon ciki da wayoyi. In kuma aka sa farin ƙwan nan na zamani mai kashe ido a bayan murfi mai yana, hasken watsewa zai yi, mai motar bai gani ba, ya kuma hana na gabansa gani. Maƙwabcinmu na kan hanya yana da hakki a kanmu.

Bayan an gama

Da dare ku gwada saitin fitilar. Ku tsai da motar a wuri mai baje, mita 10 daga bango, ku kunna gajeriyar wuta, wadda direbobi suke kira dim. Ku auna tsayin ƙwan fitila daga ƙasa, ku sa alama a bango daidai wannan tsayi. Ya kamata bakin hasken na sama ya sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10, fitilun biyu kuma su yi daidai da juna. In ɗaya tana kallon sama, ɗaya tana kallon ƙasa, mai gyaran wuta zai daidaita su cikin 'yan mintoci.

Daga nan sai kiyayewa. Ku hana yara share ƙurar safe da busasshen tsumma, gama ƙurar hunturu a ƙarƙashin tsumma samfefa ce. A fara zuba ruwa tukuna. Ku nemi inuwa, ko ta darbejiya ce, ko ku kafa rumfar zana a ƙofar gida. In ba inuwa, ku juya fuskar motar ta ba rana baya, ko ku yafa wa fitilun tsohon zane. Kashin tsuntsu in ya sauka a kai, a wanke shi ran nan. Masu babur da masu Adaidaita Sahu, ku ma wannan magana ta shafe ku, gama fitilu da yawa a cikin naku na roba ne.

Kada kuma mu manta, gyararriyar fitila ba ta kai sabuwa ba. Kashi 70 aka ce, ba 100 ba. Saboda haka da dare a rage gudu yadda za a iya tsayawa a cikin iyakar abin da ido ya gani. In hazo ya yi kauri a bar doguwar wuta, a yi tafiya da gajeriya. In da hali ma, a yi sammako a isa da rana.

Muna roƙon kowane maigida mai mota ya fita yau da kofin ruwa ya yi gwajin nan na uku. In fitilar ta washe da ruwa, ya sa ranar Asabar mai zuwa domin wannan aiki, ya kira 'ya'yansa maza da mata su kama masa, su koya. Wanda ya gama nasa ya duba ta maƙwabci, musamman gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai yi musu. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba tayoyi, da yadda ake karanta shekarar da aka yi su a jikinsu. Allah ya kai kowa gida lafiya.